Yadda ake gano abin da ke cinye data a waya, a ofis da wurin sayar da wifi

Daga Garwa har Marwa, daga Kuseri har tsallaken kogi a Njamena, kuka ɗaya ake yi: an sayi data ta wata guda, kafin kwana goma ta yi layar zana. Maigida ya zargi yara, mai shago ya zargi yaron shago, shi kuma yaron ya rantse da Allah kamfani ne ke sata. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma duk cikinsu babu wanda ya auna. Alhali kowane mega da ya fita akwai na'urar da ta ja shi, akwai manhajar da ta nema, akwai kuma sa'ar da abin ya faru. Waɗannan uku ake nema: wa, me, yaushe. Kayan aikin gano su yawanci kyauta ne, wasu ma suna cikin wayarka tun ranar da ka saye ta.

Wayoyi da kwamfutocinmu a nan galibi da Faransanci suke, don haka zan ambaci sunayen wurare kamar yadda suke fitowa a fuskar na'urar. Sunan kan ɗan bambanta tsakanin Tecno, Itel, Infinix da Samsung. Idan ba ka ga daidai abin da na rubuta ba, rubuta kalmar a wurin bincike na cikin Paramètres, zai kai ka.

Lissafin da ba a tsallake shi

Gudun intanet da megabit a kowace daƙiƙa ake auna shi, ana rubuta Mbps. Data da kake saya kuwa da megabayit ake ƙirga ta, wato abin da muke kira mega, mega dubu kuma jiga ɗaya, Faransawa kuma suna rubuta su Mo da Go. Bit takwas ne ke ba da bayit ɗaya. Saboda haka layin da ke gudun 10 Mbps yana kawo mega 1.25 a kowace daƙiƙa, wanda ya kama jiga 4.5 a awa ɗaya idan aka sake masa mara. Bidiyon da ke jan 1 Mbps kacal yana cin mega 450 a awa. Kyamarar tsaro ɗaya da ke tura hoto waje a kan 2 Mbps dare da rana tana cin jiga 21.6 a yini. Riƙe wannan lissafin, domin da shi za ka gane ko lambar da manhaja ta nuna maka ta yi daidai da hankali.

Abu na biyu: abin da ka ɗora shi ma ana cire maka shi. Hoton da ka tura, bidiyon da ka sa a status, duk data ne.

Mataki na 1: fara da wayar da ke hannunka

Shiga Paramètres, sannan Réseau et Internet, ka nemi Utilisation des données ko Consommation des données. Za ka ga jimillar abin da aka ci, a ƙasa kuma manhajoji a jere, wadda ta fi ci a sama. Kafin ka karanta komai, gyara kwanan watan da lissafin ke farawa ya dace da ranar da ka sayi data. In ba haka ba, za ka kwatanta lissafin wata guda da forfe, wato ƙunshin datar da ka saya, na mako guda, ka fito da amsar banza.

Taɓa kowace manhaja daga cikin biyar na sama. Za ka ga lambobi biyu: Premier plan, abin da ta ci lokacin da kake kallonta, da Arrière-plan, abin da ta ci a bayan fage kana barci ko kana salla. Wannan ta biyun ita ce abin dubawa. WhatsApp ya ci kaɗan a bayan fage ba laifi, da haka saƙo ke shigowa. Amma wasan yara ko manhajar tocila da ta ci ɗaruruwan mega a ɓoye, talla take saukowa da shi, ko wani abin da ya fi talla muni. Kashe mata Données en arrière-plan, ko ka goge ta gaba ɗaya.

Duba kuma layin Partage de connexion. Nan ne ake rubuta duk abin da ka raba wa wasu. Wanda ka taɓa ba wa kalmar sirri sau ɗaya a majalisa, wayarsa ba ta mantawa. Duk sanda ka kunna, za ta shigo ba sallama.

WhatsApp yana da nasa lissafin a Stockage et données, ƙarƙashin Utilisation du réseau, inda ya raba kira daban, hotuna da bidiyo daban, status daban. A wannan shafin dai akwai Téléchargement automatique des médias. Mai gungu ashirin, na dangi da na 'yan kasuwa da na makaranta, idan bai cire alamar bidiyo a nan ba, wayarsa na sauke kowane wa'azi da kowane bikin da aka turo, ko ya kalla ko bai kalla ba.

Masu iPhone su shiga Réglages, sannan Données cellulaires. Ita ba ta sake lissafi da kanta kowane wata, sai ka gangara ƙasa ka danna Réinitialiser les statistiques ranar da ka sayi data.

Mutanen Kuseri da na bakin gadar Ngueli akwai ƙarin abu ɗaya: waya kan kama eriyar ƙetare ba tare da ka tsallaka Logon ba. Kashe Itinérance des données sai ranar da za ka yi tafiya.

Lissafin data daban, lissafin lokaci daban. Don sanin awa nawa ake ɓatawa a kowace manhaja, duba Bien-être numérique a Android, ko Temps d'écran a iPhone. Yaro na iya yini a wasan da ba ya cin ko mega ɗaya, babansa kuma ya ƙone jiga guda cikin awa biyu a TikTok.

Idan abin da wayar ke nunawa bai ishe ka ba, GlassWire na Android yana zana maka abin da aka ci sa'a bayan sa'a. NetGuard kuwa, wanda kyauta ne, yana ba ka damar toshe wa kowace manhaja hanya ɗaya bayan ɗaya. Yana aiki ne ta hanyar VPN na cikin wayar, wato keɓantacciyar hanyar da duk zirga-zirgar intanet ɗin wayar ke bi, don haka ba ya tafiya tare da wani VPN a lokaci guda.

Mataki na 2: tarkon wifi

A ganina nan ne fiye da rabin rigimar take, kuma ba a cika maganarsa ba. Waɗanda suka ƙera wayoyin nan sun ɗauka wifi ba ya ƙarewa, domin a ƙasashensu haka yake. Don haka waya kan riƙe duk manyan ayyukanta har sai ta ga wifi: sabunta manhajoji daga Play Store, sabunta tsarin wayar kanta, kwashe hotuna zuwa Google Photos ko iCloud, ajiyar WhatsApp ta dare. Mu kuwa wifin namu yawanci ɗan modem ne mai layin MTN, Orange ko Camtel a ciki, ko Airtel da Moov a Chadi, kuma kowane mega da kuɗi aka saye shi. Baƙo ya zo daga ƙauye da hotunan wata uku a waya, ka ba shi kalmar sirri don ya gaisa da gida, wayarsa ta fara kwashe kaya zuwa sama. Shi bai sani ba, kai ba ka sani ba.

Maganin shi ne ka gaya wa kowace na'ura cewa wannan wifin na awo ne. A Android, taɓa sunan wifin, ka shiga bayanansa, ka nemi inda aka rubuta facturé à l'usage ko réseau limité, ka zaɓe shi. A iPhone, taɓa alamar da ke gefen sunan wifin ka kunna Mode Faibles données. A Windows, shiga Propriétés na wifin ka kunna Connexion limitée. Kowace na'ura sai an yi mata nata, kuma ga kowane wifi daban. Aikin na da gundura amma sau ɗaya ne.

Kada ka kashe sabuntawa har abada, domin ta nan ake toshe kafofin da ɓarayin intanet ke shiga. Zaɓar mata lokaci za ka yi. Idan kamfaninka na sayar da forfe na dare mai rahusa, to ka tara sabuntawa ka yi ta a lokacin.

Mataki na 3: kwamfutar ofis ko ta sakatariya

A Windows 10 da 11, shiga Paramètres, Réseau et Internet, ka nemi Utilisation des données. Yana nuna abin da kowace manhaja ta ci a kwana 30 da suka wuce. Idan kuma yanzu-yanzu intanet ya yi nauyi kana son sanin mai ja, danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta resmon, ka buɗe shafin Réseau. Danna kan layin Total don ya jera su daga babba zuwa ƙarami. Idan svchost.exe ne a sama, yawanci Windows ce ke sabunta kanta.

Microsoft na fitar da manyan gyare-gyarensa ranar Talata ta biyu a kowane wata, wanda a agogonmu yakan faɗo da almuru. Kwamfuta shida a ɗaki ɗaya za su wayi gari Laraba kowacce na jan kaya iri ɗaya. Shiga Windows Update, Options avancées, Optimisation de la distribution, ka bar su su riƙa raba gyaran a tsakaninsu a cikin ofis kaɗai, ban da kwamfutocin waje. Kuskure a wannan wurin na sa kwamfutarka ta riƙa ɗora wa baƙin duniya kaya da datarka.

OneDrive da Google Drive ma a duba su. Wanda ya ajiye bidiyon biki a babban fayil ɗin da ke haɗe da su ya ɗora shi sama ke nan.

Mataki na 4: sa wa kowace na'ura suna

Daga nan mun bar na'ura ɗaya-ɗaya, mun koma bakin ƙofar da kowa ke bi. Haɗa da wifin, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshin modem ɗin. Na Huawei yawanci 192.168.8.1 ne, na TP-Link 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na MikroTik 192.168.88.1. In ka rasa, juya na'urar, yana rubuce a takardar da ke ƙasanta. Abu na farko, canza kalmar sirrin shiga wannan shafin. Da yawa har yau admin suka bari, kuma duk yaron da ya san haka zai iya shiga ya cire wa kansa takunkumi.

Buɗe jerin na'urorin da ke haɗe. Ƙirga su, ka ƙirga na gidanka ko na ofis. Idan kana da tara ka ga goma sha huɗu, ka samu amsar farko. Sauran aikin shi ne ka ɗauki littafi ka bi su ɗaya-ɗaya: kashe wifin wannan wayar, ka ga wace ta ɓace a jerin, ka rubuta sunan mai ita da adireshin MAC ɗinta, wato lambar shaidar da modem ke gane na'urar da ita.

Akwai abin da zai ruɗa ka. Tun daga Android 10 da iOS 14, wayoyi na ƙirƙirar adireshin MAC na bogi ga kowane wifi don kada a bi sawunsu. Idan mutum ya goge wifin ya sake shiga, wani lokacin sai ya fito kamar baƙo. A wayoyin gida da na ma'aikata, shiga bayanan wifin ka zaɓi Utiliser l'adresse MAC de l'appareil, ko a iPhone ka kashe Adresse Wi-Fi privée ga wannan wifin kaɗai. Wannan ma shi ya sa toshe mutum ta adireshin MAC ba ya daɗewa. Canza kalmar sirrin wifin, da kashe WPS, wato hanyar shiga wifi ba tare da rubuta kalmar sirri ba, sun fi shi tasiri.

Ƙananan modem ba su wuce nan ba: jimillar wata, jerin masu haɗe, shi ke nan. Gida mai mutum biyar wannan ya ishe shi.

Mataki na 5: idan kana sayar da wifi ko kana da ma'aikata da yawa

Masu wifi zon, wato wuraren sayar da wifi, a unguwanninmu kusan duk MikroTik suke amfani da shi, na'urar wani kamfani na ƙasar Latbiya, kuma da manhajar Winbox ake shiga cikinta. Mafi yawansu tike, wato tikitin shiga wifi, kawai suke bugawa da ita, alhali kayan awo na ciki birjik.

Fara da agogo. Yawancin waɗannan na'urori ba su da batirin riƙe lokaci, kuma ka san halin wutarmu. Kowace ɗaukewa sai agogon ya rikice, kuma lissafin da agogonsa ke ƙarya ba shi da amfani. Shiga System, Clock, ka zaɓi Africa/Douala ko Africa/Ndjamena, sannan ka kunna NTP Client don ta riƙa daidaita kanta da zarar intanet ya dawo. Ƙaramin batiri ko ondula, wato na'urar ajiye wuta, da zai riƙe ta ya cancanci kuɗinsa, domin ƙididdiga da dama na komawa sifiri idan na'urar ta mutu ta tashi. Kuma a ɗaga ta daga jikin kwano. Zafin Maris da Afrilu a Marwa na haura digiri 40 a inuwa, na'urar da ta yi zafi kuwa sake kunna kanta take yi.

Sannan IP, DHCP Server, Leases. Ga na'urorinka na dindindin, danna Make Static ka rubuta suna a Comment, yadda gobe ba za ka ga lamba tsirara ba, za ka ga "kwamfutar akanta" ko "kyamarar ƙofa".

Yanzu Tools, Torch. Zaɓi bridge a wurin Interface, ka sa alama a Src. Address da Dst. Address da Protocol da Port, ka danna Start. Abin da ke gudana a wannan daƙiƙar zai bayyana, layi-layi. Danna kan Tx Rate ko Rx Rate don mai jan kaya ya hau sama. Idan layinka 20 Mbps ne ka ga adireshi ɗaya na riƙe da 14, ka gano dalilin da ya sa sauran ke ƙorafi. Idan ka ga na'ura ɗaya da ɗaruruwan layuka zuwa adireshi daban-daban a tashoshi barkatai, galibi torrent ne, wato manhajar musayar manyan fayiloli tsakanin kwamfutoci, ko kwamfutar da ƙwayar cuta ta kama. Kada ka bar Torch a kunne, yana wahalar da ƙananan na'urori. Duba, ka rubuta, ka rufe.

Torch ba ya ajiye tarihi. Don tarihi, shiga Tools, Graphing, ka ƙara Interface Rules da Queue Rules, ka sa alama a Store on Disk. Bayan haka rubuta adireshin na'urar a burauza ka ƙara /graphs a ƙarshe, za ka ga zanen hawa da sauka na yini, na mako, na wata da na shekara. Masu tike kuma su duba IP, Hotspot, Users, inda Bytes In da Bytes Out ke nuna abin da kowane tike ya ci. Nan ne za ka gane ko tiken sefa 100 na cin datar da ta fi kuɗinsa.

Mataki na 6: gano manhajar, ba na'urar kaɗai ba

MikroTik zai gaya maka wa ke ci, amma ba ya faɗin sunan manhaja kai tsaye. Wannan aikin ntopng ne, manhajar da ke da sigar kyauta, wadda ke gane YouTube daga Facebook daga sabuntawar Windows ta yanayin zirga-zirgarsu. Tana buƙatar tsohuwar kwamfuta mai Linux, Ubuntu misali, wadda za ta zauna a kunne.

Sai dai kwamfutar da aka soka a swic, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin na'urori, ba ta ganin zirga-zirgar kowa, tata kawai take gani. Dole ka sa swic ɗin ya riƙa kwafo mata abin da ke wucewa. A MikroTik, ƙarƙashin Switch, akwai Mirror Source da Mirror Target: na farko ka zaɓi ramin da kebul ɗin masu amfani ke shiga, na biyu ramin da kwamfutar awo take. Zaɓi ɓangaren ciki, kada ka zaɓi ɓangaren da ke fita waje, domin a waje kowa ya koma adireshi ɗaya, ba za ka bambance Audu da Bala ba. Bayan ka girka ntopng, buɗe burauza ka rubuta adireshin kwamfutar da :3000 a ƙarshe. Shafin Hosts na nuna na'urori, idan ka taɓa ɗaya kuma za ka ga rabon manhajojinta.

Hanya mafi sauƙi ga wanda ba ya son wannan wahalar ita ce Pi-hole. Ana girka shi a ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, a mai da shi mai amsa tambayoyin DNS na gidan, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshinsa. Ba ya ƙirga mega, amma yana nuna sunayen wuraren da kowace na'ura ke nema da sa'ar da ta nema, yana kuma tare talla da yawa tun kafin a sauke su.

Wireshark, wanda Gerald Combs ya fara a 1998 da sunan Ethereal kafin a sauya masa suna a 2006, na binciken ƙwaƙwaf ne. Ba a barinsa yini guda, zai cika maka faifai. Kunna shi minti biyar lokacin da matsalar ke faruwa, ka tsayar, ka shiga Statistiques, Conversations, ka jera da Bytes. Rubuta dns a wurin tacewa don ganin sunayen da ake nema, ko ip.addr == sannan adireshin na'urar da kake zargi. Sunayen ba sa zuwa yadda ka saba da su. googlevideo.com YouTube ne, fbcdn.net hotuna da bidiyon Facebook da Instagram, tiktokcdn.com TikTok, whatsapp.net WhatsApp, windowsupdate.com kuma sunansa ya faɗa.

Inda aka ja layi

Kusan duk zirga-zirgar yau a rufe take da HTTPS, wato tsarin ɓoye abin da ke wucewa tsakaninka da shafi, kuma WhatsApp ya rufe saƙonninsa daga mai turawa har zuwa mai karɓa tun Afrilun 2016. Za ka ga cewa wane ya yi awa biyu a YouTube, ba za ka ga abin da ya kalla ba. Hakan ya wadatar ga mai neman inda datarsa ke tafiya. Duk wanda ya zo maka da manhajar da wai za ta nuna maka hirar matarka ko ta ma'aikacinka, ko dai damfara ce, ko kuma laifi ne yake gayyatarka. A Kamaru dokar 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet ta haramta tare saƙonnin mutane ba da izini ba, a Chadi ma tun 2015 akwai dokar kare bayanan mutum da hukumar tsaron intanet ta ANSICE. Ko ba doka, leƙen asiri ba halin kirki ba ne, addini ma ya hana. Auna layin da yake naka kaɗai. Ka gaya wa ma'aikata ana ƙirga data, ka rubuta shi a shafin shiga na masu tike. Ko jerin sunayen wuraren da mutum ya ziyarta sirrinsa ne, ba abin hirar majalisa ba.

Mataki na 7: mako guda kana kallo, ba ka taɓa komai

Wannan ne mutane ba su da haƙurinsa. Sun ga lamba ɗaya mai girma, sai su toshe. Bari awo ya yi kwana bakwai cikakku, har da Juma'a da Lahadi da ranar kasuwa. Kowace safiya a sa'a ɗaya, rubuta abu uku: ragowar data kamar yadda kamfani ya nuna, jimillar da na'urarka ta ƙirga, da na'urori uku da suka fi ci.

Sannan kwatanta na farko da na biyu. Ɗan bambanci ba abin tada hankali ba ne. Wasu na ƙirga jiga a mega 1000, wasu 1024, kuma akwai bayanan sarrafa layi da ba kowa ke lissafa su ba. Idan kuwa kamfani ya cire jiga 10 naka ya nuna 6, kuma na'urar ba ta mutu a tsakani ba, to ɗauki hoton fuskar biyu da kwanan wata ka je ofishinsu. In ba su saurare ka ba, hukumar ART ce ke karɓar ƙorafin masu amfani a Kamaru, ARCEP a Chadi. Mai takarda a hannu ba a sallamarsa da "je ka dawo" kamar mai baki kawai.

Zanen kansa yana magana. Hawa bayan sallar isha zuwa sha ɗaya na dare mutane ne ke kallo, ba matsala. Hawa da ƙarfe uku na dare alhali kowa na barci, na'ura ce ke aikinta: ajiya ko sabuntawa. Layi a miƙe wanda ba ya sauka dare da rana, musamman a ɓangaren ɗorawa, nemi kyamara ko torrent. Zanen da ya hau ya daki rufi ya kwanta a can na awanni, ba ɓarawo ba ne, layin ne ya yi wa jama'arka kaɗan.

Wani lokacin kuma ba ci ba ne, nauyi ne daga sama. A Windows, danna maɓallin Windows da R, ka rubuta cmd, sannan a tagar da ta buɗe ka rubuta ping da adireshin modem ɗinka, don auna saurin amsarsa. Idan amsar na jinkiri ko tana ɓacewa, matsalar a ɗakinka take: wifi, kebul ko zafi. Idan wannan lafiya, gwada ping 8.8.8.8, wani adireshi na Google da ke waje. Idan nan ne ake samun tsaiko alhali zanenka bai cika ba, abin ya fi ƙarfinka. Arewacin Kamaru a kan zaren fiba da ya taso daga kudu yake rataye, Chadi kuma da ba ta da teku ta Kamaru da Sudan take samun nata. Ranar 14 ga Maris 2024, da igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama sun ji a jikinsu har da Kamaru, kuma ba saitin da wani zai yi a shagonsa ya gyara wannan. A irin ranar nan kada ka yi ta danna gwajin gudu, kowane gwaji na cin gomman mega.

Mataki na 8: sa iyaka daidai da abin da ka gani

Toshe manhaja gaba ɗaya ba ya cika aiki. A toshe TikTok yau, gobe yaran sun sauke VPN. Rage gudu ya fi. YouTube da ire-irensa na rage ingancin hoto da kansu idan layi ya ƙuntata, don haka wanda ka ba 1 Mbps zai ci gaba da kallonsa, amma ba zai sauke fiye da mega 450 a awa ba komai naci.

A MikroTik, shiga Queues, Simple Queues, ka ƙara sabo. A Target sa adireshin na'urar, a Max Limit sa iyakar ɗorawa da ta saukewa. Idan so kake a raba wa kowa daidai ba tare da ka bi su ɗaya-ɗaya ba, sa dukkan zangon adireshin a Target, misali 192.168.88.0/24, ka sa Max Limit ɗan ƙasa da ainihin ƙarfin layinka, sannan a shafin Advanced ka zaɓi pcq-upload-default da pcq-download-default. Mutum ɗaya ne a layi, ya sha shi kaɗai. Sun zama ashirin, a raba ashirin. Kwamfutar da ake karɓar kuɗi ko tura takardu da ita, yi mata nata layin daban ka ɗora shi a saman jerin, domin daga sama ake karantowa.

Idan ka sa iyaka ka ga ba ta kama kowa ba, je IP, Firewall, Filter Rules, ka nemi layin da ke da fasttrack connection. Yana zuwa a kunne daga kamfani, kuma duk abin da ya bi ta cikinsa yana tsallake Queues. Kashe shi, ka sake kunna na'urar.

Masu tike su shiga Hotspot, User Profiles. A Rate Limit, rubuta misali 512k/1M, na farko ɗorawar mai tike, na biyu saukewarsa. Shared Users a bar shi a 1. A kan kowane tike kuma akwai Limit Bytes Total, inda za ka sa iyakar mega, kuma da bayit ake rubuta shi, don haka a lura da sifirai. Tike mai lokaci kaɗai ba iyakar mega, shi ne ke karya masu wifi zon: mutum ɗaya mai kwamfuta zai sauke finafinan wata guda da tiken awa uku.

Bayan ka sa iyakokin, sake yin kwana bakwai na awo kamar na farko, ka ajiye shafukan biyu gefe da gefe. Idan jimillar ta sauka amma ƙorafin kiran bidiyo ya ƙaru, iyakar ɗorawa ce ta yi tsanani, ɗaga ta zuwa 1M ka bar ta saukewa yadda take.